Baba Fasto, azumin nan zai fid da mu daga talauci kuwa?

Jama'a barkanmu da sake saduwa a filin Tambaya da Amsa. Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato azumin da ake kira a yi tare, na kwana 7 ko 21 ko 40, wanda ake cewa na albarkar kwanakin ƙarshe ne da karya ƙangin talauci. Na zaɓo guda biyar, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba Fasto ina gaisuwa, ya aikin Ubangiji? Ni gwauruwa ce da yara huɗu. A cocinmu duk farkon shekara ana kiran azumin kwana 21, ana ce mana wai muna kwanakin ƙarshe kuma lokaci yayi da Allah zai kwashe dukiyar marasa bi ya juye ma 'ya'yansa, duk wanda ya riƙe azumin har ƙarshe to shi da talauci sun rabu kenan. Baba shekara uku ina yi ban taɓa fashi ba amma har yau kuɗin haya da na makarantar yara sai na ci bashi. Ranar rufewa mutane na fitowa suna bada shaida, wannan yace ya samu mota wancan yace aiki, ni kuwa ina can baya sai hawaye. Wata tace min ƙila akwai zunubin da ban furta ba, ko kuma la'anar gidanmu ce ke bina. Dan Allah ka faɗa min gaskiya, bangaskiyata ce bata kai ba?

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya ƙara haƙuri ya raya miki yaran nan. Bari in fara da maganar da matar nan ta faɗa miki don ita tafi ci min rai. Talaucinki ba shaida bane cewa Allah na fushi dake. Ki buɗe Luka 2:24, ranar da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali tsuntsaye biyu suka miƙa, in kika koma Littafin Firistoci 12:8 zaki ga wannan hadayar macen da bata da halin ɗan rago ce. Kinga kenan gidan da Allah ya zaɓa ya saka Ɗansa a ciki, gida ne da ko ɗan rago bai iya saya ba. Su ma la'anar gida ce ta bi su? A Wahayin Yahaya kuma, ikilisiyar Samirna da Yesu yace ya san wahalarta da talaucinta bai zarge ta da komai ba, cewa ma yayi ita mai arziki ce, amma Lawudikiya mai taƙamar na wadata bana bukatar komai, ita yace zai tofar daga bakinsa.

Ayar da ake kafa muku hujja da ita Karin Magana 13:22 ce, inda aka ce dukiyar mai zunubi ana ajiye ta ne domin mai adalci. Amma rabi ake karanta muku. Farkon ayar cewa yayi mutumin kirki yakan bar ma jikokinsa gado. Maganar hikima ce a kan yadda rayuwa ke tafiya daga kaka zuwa jika, cewa dukiyar zalunci bata daɗewa a gidan mai ita. Babu kwanakin ƙarshe a ayar nan, babu azumi, babu kwana 21. In kuwa ana so a ji abinda Sabon Alkawari ya faɗa kan kuɗi da kwanakin ƙarshe ai yana nan ɓaro-ɓaro, 2 Timoti 3 tace a kwanakin nan mutane zasu zama masu son kansu da son kuɗi, Yakubu 5 kuma ya kira masu arziki su yi kuka don sun tara dukiya a kwanakin ƙarshe alhali hakkin ma'aikatan da suka girbe musu gona yana hannunsu sun danne. Gargaɗi ne duka biyun, ba alkawarin rabon dukiya ba.

Ita wannan koyarwa ma ba daga manzanni ta gangaro ba, kwanan nan ta fito. A 1946 wani mai wa'azi a Amurka, Franklin Hall, ya shiga yaɗa cewa dogon azumi ke jawo ikon Allah. A 1948 wata farkawa ta tashi a garin North Battleford na Kanada, suka kira ta da sunan ruwan ƙarshen damina da ke cikin Yowel 2:23, suna cewa zubowar albarkar ƙarshen zamani ce ta iso, har a 1949 babban taron cocin Assemblies of God na Amurka ya fito yace bai yarda da koyarwar ba. Daga baya wani mai wa'azin Amurka, Oral Roberts, ya shahara da maganar shuka iri, ka bada kuɗi Allah ya ninka maka. Waɗannan ne aka cakuɗa wuri ɗaya aka samu abinda ake muku wa'azi yau. Kuma ba ni kaɗai ke ganin akwai gyara ba, a 2010 shugabannin masu bishara kusan 4,000 daga ƙasashe 198 sun taru a Cape Town ta Afirka ta Kudu, abinda suka fitar ya yarda Allah na yin mu'ujiza yana kuma biyan bukata, amma ya ƙi koyarwar da ke cewa arziki hakkin kowane mai bi ne da za'a samu ta hanyar bada kuɗi ko furta magana.

To yanzu ki zo mu zauna a kan Ishaya 58, don tambayarki sak tana ciki. Mutanen suka ce ma Allah, don me muka yi azumi baka gani ba, muka ƙasƙantar da kanmu baka kula ba? Ki lura da inda amsar ta nufa. Allah yace a ranar azumin naku sha'anin gabanku kuke yi, kuna matsa ma masu yi muku aiki, kuna faɗa da dambe. Sannan ya faɗi azumin da shi ya zaɓa, a kwance sarƙar mugunta, a saki wanda aka danne, ka raba abincinka da mayunwaci, ka shigo da marar wurin kwana gidanka, ka tufatar da wanda ka gani tsirara, kar ka ɓuya ma ɗan'uwanka na jini. Bayan wannan ne yace haske zai keto kamar asuba, ka kira ya amsa. 'Yata, a duk surar nan ba talaka Allah ya tsawata ma ba, masu hali ya tsawata ma. Saboda haka tambayar da kika turo min, gaskiya ba ke ya kamata ki amsa ta ba, cocinku ne. Shekara uku gwauruwa na zaune a baya tana kuka ranar shaida, masu mota da masu sabon aiki na wucewa ta gabanta, ba wanda ya juyo yace Mama me ake ciki? Wannan abu ya dame ni ƙwarai.

Abinda zan ce kiyi, kar ki ƙara haɗiye shi ke kaɗai. Ki samu dattawan ikilisiya ko shugabar zumuntar mata ki faɗa musu halin da kike ciki dalla-dalla, nawa ne bashin, wa ke binki, yaushe haya ke cika. Ba roƙo bane, hakkinki ne, a Ayyukan Manzanni 6 saboda rabon gwauraye aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu hannu. Ki kuma tuna gwauruwar 2 Sarakuna 4 wadda mai bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu, Elisha tambayarta yayi me kike dashi a gida, tace sai ɗan mai a tulu, yace ta aro tuluna wajen maƙwabta, da man ya ƙaru yace je ki sayar ki biya bashinki, ke da yaranki ku ci sauran. Allah ne ya ƙara man, amma akwai abin hannunta, akwai maƙwabta, akwai saye da sayarwa. Ke ma ki zauna ki duba me kika iya, sai ki kai musu maganar da abu a hannu. Azumi kuwa in lafiyarki ta yarda ki ci gaba, ni ma ina yi kuma ina ganin amfaninsa, amma kiyi shi don ki kusanci Ubanki ki zuba masa damuwarki, ba kuɗin da kike biyansa bane balle ki riƙa lissafin ya ci bashinki.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni tela ne, bara maigidana ya yaye ni. Wani abokina ya saka ni a wani guruf na WhatsApp da wani annabi ke jagoranta, muna azumin kwana 40 yanzu muna na 26. Yace ranar ƙarshe kowa zai shuka iri mai zafi, wato abinda yafi ji dashi, don a wannan shekarar za'a rufe ƙofar albarkar ƙarshen zamani, kuma zuwan Yesu ya kusa sosai har watan ya faɗa mana. Ya riga ya turo lambar akawun. Ni dai keken ɗinki kawai nake dashi. Zuciyata ta rabu biyu, ina tsoron in ƙi ya zama muryar Allah na ƙi.

AMSA: Ɗana, kar ka sayar da keken nan. Ko ka manta da duk sauran abinda zan rubuta, ka riƙe wannan.

Akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a 24:6 da ba'a cika karanta ta a coci ba. Tace kar a karɓi dutsen niƙa a matsayin jingina, ko da ɗan dutsen na sama ne kawai, don wanda ya karɓa ran mutum ya karɓa. Ka gani? Wanda ma yake binka bashi na gaskiya Allah ya hana shi taɓa abin neman abincinka, to ina ga wanda baka ci masa komai ba? Kekenka shine dutsen niƙanka. Allahn da ya kafa waccan doka ba zai aiko mutum ta waya yace ka sayar ka tura masa kuɗin ba. Ranar da Siman mai sihiri ya miƙa ma manzanni kuɗi yana son ikon Ruhu, Bitrus cewa yayi kuɗinka su hallaka tare da kai tunda ka zaci baiwar Allah da kuɗi ake sayenta, yana nan a Ayyukan Manzanni 8:20. Bayarwa abu ne mai kyau, ka bada zakkarka da baikonka daga abinda keken ya kawo, da farin ciki, ba da tilas ba.

Maganar wata da shekara kuwa, Yesu da bakinsa yace ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba kaɗai, Matiyu 24:36. Kuma ba yau aka fara saka rana ba. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasu manoma ko girbi basu yi ba, gari ya waye suna nan. Harold Camping mai gidan rediyo ya saka 21 ga Mayu 2011, mutane suka kwashe ajiyarsu ta shekaru suka zuba a allunan talla, da ranar ta wuce ya matsar zuwa 21 ga Oktoba, a 2012 ya fito ya amsa cewa zunubi yayi. Wanda nafi so ka riƙe shine na Koriya ta Kudu. Fasto Lee Jang-rim yace za'a fyauce masu bi zuwa sama ranar 28 ga Oktoba 1992, mutane suka bar aiki suka sayar da gidaje suka kai masa kuɗi, da hukuma ta kama shi sai aka tarar ya sayi takardun jari waɗanda sai a 1993 zasu nuna a biya shi. Wato mutumin da yace ma jama'a ba zasu ga ƙarshen shekara ba, shi yana tanadin baɗi. Kotu ta ɗaure shi kan zamba. To kai ma ka tambayi kanka, in annabin nan naku ya gaskata saura 'yan watanni komai ya ƙare, me zai yi da kuɗin kekenka?

Ni na gaskata Yesu na dawowa, da wannan begen nake kwana nake tashi, kar ka ji kamar ina rage maka shi. Amma ka duba yadda Bulus yayi da Tasalonikawa lokacin da wasu suka ruɗe cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo, wasu kuma suka ajiye aiki suna yawon shiga sha'anin mutane. Ya tuna musu shi kansa dare da rana yayi aiki da hannunsa a cikinsu don kar ya nauyaya ma kowa, yace wanda ya ƙi aiki kar ya ci, ya umarce su su natsu su nemi abincinsu. Bulus ɗin nan ma ai ɗinkin tanti ne sana'arsa, kusan abokin aikinka ne. Ka fita daga guruf ɗin yau, ka je ka samu faston da ya sanka ido da ido ka nuna masa saƙonnin, ka kuma ja abokin naka gefe ku yi magana. In suka bi ka da barazanar la'ana, don sukan yi, ka karanta Karin Magana 26:2, la'anar da babu dalili bata sauka a kan kowa.

TAMBAYA: Baba ina da ciwon suga ina shan magani safe da yamma, ga kuma gyambon ciki. Shugabar zumuntarmu ta kira azumin kwana uku ba ci ba sha irin na Esta don Allah ya buɗe mana ƙofar arziki, tace duk wadda ta karya ta zubar da albarkar kowa. Rana ta biyu jiri ya kama ni, gumi na keto min hannuna na rawa, sai na shiga ɗaki na jiƙa suga na sha a ɓoye. Tun ranar zuciyata ke hukunta ni.

AMSA: 'Yar'uwa kin yi daidai, kuma ki gode ma Allah da ya baki wannan hankalin. Jiri da gumi da rawar hannu ga mai shan maganin suga alama ce sugan jini ya faɗi, in aka auna aka ga ya sauka ƙasa da 70 ba'a jira, nan take ake shan abu mai zaƙi, don in aka ƙyale mutum na iya ruɗewa ya suma, har ya rasa ransa. Nan gaba kafin ki shiga kowane azumi ki fara ganin likitanki, kar kuma ki tsaida magani ko ki canza lokacinsa da kanki. Haka mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, tsofaffi da yara. Ko cocin Katolika da ke da dokar azumi a rubuce, daga shekara 18 zuwa 59 ta ɗora ma, marar lafiya kuma an ɗauke masa.

Cewa wai ke kin zubar da albarkar kowa, wannan babu shi a Littafi. Wanda ya taɓa kafa irin wannan doka sarki Saul ne a 1 Sama'ila 14, ya rantsar da mayaƙa kar kowa ya ci komai sai yamma, mutane suka galabaita, Yonatan da bai ji rantsuwar ba ya ɗanɗana zuma idonsa ya washe, yace ubana ya jawo ma ƙasa wahala. Esta kuwa kisan kiyashi ne ke gaban jama'arta, ita kanta zata shiga gaban sarki ba'a kira ta ba tana iya mutuwa. Daniyel da yayi mako uku abincin marmari da nama da ruwan inabi ya bari, ba abinci gaba ɗaya ba, to kinga akwai hanyar da zaki shiga addu'ar tare da su kina shan maganinki.

Ina ɗaukar wannan magana da nauyi ne saboda abinda ya faru a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa sama da 400, da yawa yara ne, mabiyan Paul Mackenzie wanda aka tuhuma da ce musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu kafin duniya ta tashi. Ban ce shugabarku irinsa ce ba, nafi zaton himma ce tayi mata yawa. Amma duk inda mutum ya koma shan ruwa a ɓoye don tsoron 'yan'uwa, a tsaya a gyara tun da wuri. Ki same ta ku biyu ki faɗa mata ciwonki, ina da tabbacin ba ke kaɗai bace a zumuntar.

TAMBAYA: Baba ba Yesu yace in zamu yi azumi mu yi a ɓoye ba? To ya ake buga fosta ana sanarwa a Facebook? Ni ina ganin azumin taro ma gaba ɗaya ba daidai bane.

AMSA: Ɗana ka ɗan wuce gona da iri. Abinda Matiyu 6:16-18 ta hana shine a ɓata fuska don mutane su gani su yaba. Azumin taro kam Littafi cike yake dashi, Yehoshafat ya kira dukan Yahuza, Ezra ya kira a bakin kogin Ahawa kafin su kama hanya, Yowel yace a busa ƙaho a tara jama'a, ikilisiyar Antakiya na cikin azumi ne Ruhu yace a keɓe Barnaba da Shawulu. Ba yadda za'a yi tare ba'a sanar ba. Sai dai kiran azumi shi kaɗai ba shaidar tsarki bane, Yezebel ma ta sa an yi shelar azumi a 1 Sarakuna 21, a cikin taron aka yi ma Nabot ƙazafi aka kashe shi don a ƙwace gonarsa. Ka duba dalilin kiran da kuma wanda zai ci ribarsa.

TAMBAYA: Rabaran salama. Ni dattijon ikilisiya ne, kuma gaskiya jama'armu na cikin matsi, wasu sau ɗaya suke ci a rana, matasa sun gama makaranta ba aiki. Membobi na ta matsa mana mu ma mu kira azumin karya talauci kamar sauran coci-coci, wasu har sun fara komawa can. Bama son mu yaudari mutane, bama kuma son mu zauna hannu rungume. Ya zamu yi?

AMSA: Dattijo na gode, wasiƙarka ta faranta min rai. Ku kira azumin, kar ku ji tsoro, jama'ar da ke cikin matsi ta taru ta yi kuka gaban Allah abu ne da ya dace. Abinda zaku kiyaye shine alkawarin da zaku yi musu daga bagade. Kar a ce ma kowa ranar kaza talaucinka zai ƙare, don ba'a baku wannan ba. A kuma faɗa musu gaskiya cewa tsadar kaya da rashin aiki da rashin tsaro da shugabanci marar adalci suna cikin abinda ke talauta mutum, ba kullum aljani ko la'ana ba, sai a sa masu mulki cikin addu'ar kamar yadda 1 Timoti 2 ta ce.

Ga wani abu daga masu bi na farko da nake so ku gwada. A ƙarni na 2 wani Kirista ɗan Atina mai suna Aristides ya rubuta ma sarkin Roma yana bayyana halin Kiristoci, a ciki yace in akwai mabukaci a cikinsu kuma basu da rarar abinci, sai su yi azumin kwana biyu ko uku don su ba shi abinda da zasu ci. Ka ji fa, su ma talakawa ne, amma azuminsu na fid da wani daga yunwa a ranar. To ku ma ku sa kwanakin su zama kaɗan yadda mai aikin ƙarfi zai iya, kowane gida mai hali ya lissafa abinda da zai ci ya kawo, kuɗi ko tsaba. Gidan da dama sau ɗaya suke ci kar a ɗora musu komai, su zo addu'a kawai, su ne za'a kai ma.

Sai abu mai wuya, wanda shi ne zai nuna ko da gaske kuke. Nehemiya yayi azumi a sura ta 1, amma a sura ta 5 da ya ji kukan talakawa, sun jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa da harajin sarki har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa, sai ya tara babban taro ya tsaida manya yace a mayar musu da gonakinsu yau ɗin nan a daina cin ruwa a kansu, ya kuma faɗa a fili cewa shi ma da mutanensa suna cikin masu bada rance. A cocinku akwai mai bin ɗan'uwansa bashin da ya san ba zai iya biya ba, akwai mai riƙe da albashin yarinyar gidansa ko direbansa wata da watanni, akwai wanda ya danne gadon marayu kuma yana zama a kujerar gaba. Ku dattawa kun san su. Ku bi su gida ɗaya bayan ɗaya a cikin kwanakin azumin, a asirce, kuma in akwai irin wannan a cikinku ku fara da kanku. Masu sana'a kuma, makaniki da kafinta da mai shago da mai gyaran waya, kowa ya ɗauki matashi ɗaya ya koya masa, a rubuta suna da ranar farawa don kar maganar ta bi iska.

Kuɗin da aka tara kar ya zauna hannun mutum ɗaya, ko fasto ne. Bulus kansa da zai kai gudummawar ikilisiyoyi Urushalima sai da aka haɗa shi da mutanen da ikilisiyoyin suka zaɓa, yace don kar kowa ya sami abin zargi, ka duba 2 Korintiyawa 8. Ku zaɓi mutum uku, a sa mace a ciki don su suka fi sanin gidan da ba'a ɗora tukunya ba. A raba kashi biyu, na ci da magani da kuɗin makaranta wanda kyauta ne, da na jari wanda za'a mayar ba ruwa a kai don wani ma ya samu. Bayan wata uku a tashi a karanta ma ikilisiya abinda ya shigo da inda ya tafi, ba tare da an kira sunan wanda aka ba ba. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka yi da masu bin bashin, don nasan nan ne zaku fi shan fama.